Tambaya da Amsa: Matattu Masu Shan Jini, Mayu da Jemagu

Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun karkata ga batu guda, wato halittun da al'ummomi daban-daban suke cewa suna shan jinin mutane ko suna tsotse rayuwarsu da dare. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina kallon finafinan Turawa da ake nuna bamfaya, wato mamacin da yake fitowa daga kabari ya ciji wuyan mutum ya sha jininsa. Shin masu shirya fim ne suka ƙago shi, ko kuwa an taɓa samun mutanen da suka yi imani da shi da gaske? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salamu, ɗana. Masu fim tarar da shi suka yi, nasu kawai kwalliya. Imanin ya daɗe a ƙauyukan gabashin Turai, kuma kowace al'umma da sunan da take kiransa: Romaniyawa suna cewa strigoi, Girkawa vrykolakas, Rashawa kuwa upir. Abin da ya fito da labarin ga sauran duniya shi ne sauyin mulki. A shekarar 1718, bayan yarjejeniyar Passarowitz, arewacin Sabiya ya fita daga hannun Daular Usmaniyya ya koma ƙarƙashin Ostiriya, sai sababbin masu mulkin, waɗanda al'adarsu ce rubuta rahoto a kan komai, suka tarar da talakawansu suna tone kaburbura suna ƙona gawawwaki.

A 1725, a ƙauyen Kisiljevo, wani manomi mai suna Petar Blagojević ya rasu, kuma aka ruwaito cewa mutum tara sun bi shi cikin kwana takwas, kowanne yana faɗa kafin ya cika cewa mamacin ne yake zuwa da dare yana shaƙe shi. Matarsa ma ta ce ya zo ya nemi takalmansa. Mutanen ƙauyen suka shaida wa jami'in gwamnati mai suna Frombald cewa in bai yarda a tone kabarin ba, za su watse su bar garin. A gabansa da wani limamin coci aka fito da gawar, aka ga ba ta ruɓe ba, ga jini a bakinta, aka kafa mata turke a ƙirji, sannan aka ƙone ta. Rahotonsa ya fito a wata jaridar birnin Vienna a shekarar.

Wani lamari na biyu ya fi wannan amo. Wani sojan sa-kai a ƙauyen Medveđa, mai suna Arnold Paole, ya faɗo daga amalanken ciyawa ya mutu, kuma da ma ya sha faɗa wa mutane cewa irin wannan halitta ta taɓa addabarsa, har ya ci ƙasar kabarinta ya shafa jininta don neman tsari. Da mutum huɗu suka rasu bayansa, aka tono shi bayan kwana arba'in, kuma waɗanda suka halarta suka ce ya yi nishi a lokacin da aka soke shi. Da mace-mace suka sake ɓarkewa a 1731, gwamnati ta tura likitan soja Johann Flückinger da abokan aikinsa, suka binciki gawawwaki, aka sare kawunan waɗanda aka zarga, aka ƙona, aka zuba tokar a kogin Morava. Rahotonsu na watan Janairun 1732 ya bazu a Jamus da Faransa da Ingila, malaman jami'a da na coci suka yi ta muhawara a kansa shekara da shekaru. Sai a 1755 Sarauniya Maria Theresa ta sa likitanta Gerard van Swieten ya duba lamarin, ya ce jahilci da tsoro ne, ita kuma ta haramta tone kaburbura da wannan hujja.

Ƙasa ma ta ba da shaida. A Sozopol ta Bulgeriya an tono ƙasusuwa a 2012 da ƙarfe kafe a ƙirji, a Pień ta ƙasar Poland kuma a 2022 an sami wata mace da aka gitta wa lauje a wuya aka sa mata kwaɗo a babban yatsan ƙafa. Sai dai ka lura, wanda manoman nan suke tsoro bai yi kama da dogon attajiri mai baƙar alkyabba da kake gani a fim ba. Maƙwabci ne da aka binne jiya, kumburarre, jajir, sanye da likkafaninsa, kuma gidan da yake fara komawa nasa ne.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Na ji cewa likitoci ne da kansu suka sa hannu a kan cewa sun ga jini a bakin gawar da ta daɗe a ƙasa, kuma gashinta da farcenta sun ƙara tsawo. Idan ba ƙarya suka yi ba, mene ne bayaninsa? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

AMSA: Malama, ba ƙarya suka yi ba. Abin da suka gani gaskiya ne, fassarar da aka yi masa ce ta kauce. Bayan mutuwa, ƙwayoyin cutar da suke cikin hanji suna ci gaba da aiki suna fitar da iska, ciki ya kumbura, har wanda ya mutu a rame a same shi kamar ya yi ƙiba. Wannan iskar ce take tunkuɗo wani ruwa mai duhu gauraye da jini ta baki da hanci, wanda bai sani ba ya ɗauka mamacin ya ƙoshi da jini ne. Fata tana bushewa ta ja da baya, sai farce da gemu su ƙara bayyana kamar sun tsiro. Idan aka danna ƙirji da turke, iskar da ta taru takan fita ta maƙogwaro da ƙara mai kama da nishi. Sanyi kuma yana jinkirta ruɓewa ƙwarai, don haka gawar da aka binne a hunturun Turai tana iya yin watanni ba ta sauya sosai ba. Wani manazarci mai suna Paul Barber ya bi waɗannan rahotanni ɗaya bayan ɗaya a littafinsa na 1988, ya nuna cewa kusan kowace alama da aka lissafa tana cikin abin da masu binciken gawa suka sani a yau.

Saura tambayar da ta fi muhimmanci, wato me ya sa aka je aka tone kabarin tun farko. Amsar ita ce cuta mai yaɗuwa a cikin gida, a zamanin da ba a san yadda take yaɗuwa ba. Misali mafi bayyana ya faru ne a Amurka, a garin Exeter na jihar Rhode Island. Tarin fuka ya kashe uwar wani gida da babbar 'yarta, sannan a watan Janairun 1892 ya kashe Mercy Brown tana da shekara 19, ga kuma ɗan'uwanta Edwin kwance yana ramewa. Ke da kike jinya kin san kamannin wannan ciwo: mutum yana ƙanjamewa a hankali, yana tarin jini, yana kwana da nauyi a ƙirji. Maƙwabta suka matsa wa uban, aka tono gawawwakin uku a watan Maris, aka sami ta Mercy da sauran jini a zuciya, abin da ba mamaki ga wadda ta rasu a tsakiyar hunturu. Aka ƙona zuciyar, aka jiƙa tokar aka ba Edwin ya sha, ya rasu bayan kimanin wata biyu. Wannan ya faru shekara goma cif bayan Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tarin fuka a 1882.

Akwai wasu bayanan da za ki ci karo da su. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Sifen, Juan Gómez-Alonso, ya kawo a 1998 cewa ciwon haukan kare yana iya zama tushen wasu siffofin, saboda cizo da rashin barci da ƙyamar haske da ƙarfin wari, kuma maganarsa tana da ɗan kamshin gaskiya. Amma zancen da ake yawan yaɗawa cewa wata cutar jini mai suna fofiriya ce asalin labarin, masana sun yi watsi da shi, domin masu ita ba sa sha'awar jini, kuma jingina musu wannan suna zalunci ne a kan marasa lafiya.

TAMBAYA: Shin Dracula mutum ne na gaske? Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Sunan na gaske ne, halittar kuwa ƙirƙira ce. Vlad na Uku ya mulki Wallachia, a kudancin Romaniya ta yau, a ƙarni na 15, kuma ana kiransa Dracula ne saboda laƙabin mahaifinsa, Vlad Dracul. Ya yi ƙaurin suna wajen tsire abokan gaba a kan itace, kuma ya gwabza da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu na Biyu, wanda ya ci Istanbul, a shekarar 1462. Mutanen zamaninsa sun zarge shi da mugunta iri-iri, amma ba su ce ya tashi daga kabari ba. Marubuci ɗan ƙasar Ayalan, Bram Stoker, shi ne ya tsinci sunan a wani littafin tarihi ya laƙaba wa tauraron ƙagaggen labarinsa na 1897, alhali bai taɓa taka ƙasar ba. Kafin shi ma, John Polidori ya riga ya mai da bamfaya basarake mai fara'a a wani gajeren labari na 1819. Batun cewa hasken rana yana hallaka shi kuwa wani fim ɗin Jamus na 1922 ne ya yayata shi, babu shi a bakin manoman Sabiya.

TAMBAYA: Malam, a nan zangon Kumasi maƙwabtanmu Asante suna ba da labarin wani dodon daji mai haƙoran ƙarfe da yake shan jinin mafarauta. Mu kuma mun tashi da labarin maye. Shin duk abu ɗaya ne da bamfaya na Turawa? Kuma ina matsayin Musulmi a nan? Daga wata uwa a Kumasi.

AMSA: Hajiya, wanda maƙwabtanki suke nufi shi ne asanbosam, wanda aka ce yana zaune a kan manyan itatuwa yana saƙalo masu wucewa da ƙafafunsa masu kama da ƙugiya. Suna kuma da obayifo, mutum mai rai da yake fita da dare yana haske, ya sha jinin yara ya lalata amfanin gona. Kabilar Ewe ta Gana da Togo tana da adze, wanda yake rikiɗa ya zama ƙwaron nan mai walƙiya da dare, ya kutsa ɗaki ya tsotsi yara, kuma ba sai an yi dogon nazari ba kafin a tuna da sauro da zazzaɓin cizonsa. Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma sun tsallaka teku da irin waɗannan labarai. A Trinidad ana maganar soucouyant, tsohuwar da take tuɓe fatarta ta ɓoye a turmi ta tashi kamar dunƙulen wuta, kuma maganinta shi ne a barbaɗa gishiri a cikin fatar, ko a zuba shinkafa a bakin ƙofa, domin dole ta tsaya ƙirga ƙwayoyin har gari ya waye.

A kudu maso gabashin Asiya tsoron ya taru ne a ɗakin haihuwa. Mutanen Maleshiya suna da penanggalan, kan mace da yake tashi sama kayan ciki suna reto, yana neman jinin mai jego, shi ya sa ake jera ƙaya a tagogi. A Filifin akwai manananggal, wadda take rabuwa biyu daga ƙugu ta tafi farautar masu ciki. Akwai kuma pontianak, fatalwar matar da ta mutu wajen haihuwa. Tun a tsohuwar Iraƙi, shekaru dubbai da suka wuce, mata suna rataya laya don tsoron Lamashtu mai ɗauke jarirai. Duk inda mutuwar uwa da jariri ta yi yawa, za ki tarar an ba ta fuska da suna. Sinawa kuwa nasu, jiangshi, sandararriyar gawa ce mai tafiya da tsalle, kuma numfashin rai take zuƙewa.

Mayenmu ya fi kusa da obayifo nesa ba kusa ba. A yadda aka saba faɗa, mutum ne mai rai da yake da ƙanƙarar maita a ciki, ya gada ko ya saya, kuma abin da yake kamawa kurwa ce. Wanda aka kama yakan kwanta yana ramewa yana sambatu, in ya ambaci sunan wani sai a je a taso shi a tilasta masa ya tsallaka majinyacin. Shi ya sa har yau ake cewa kurwata kur. A ɓangaren iskoki kuma muna da Inna, wadda masu bori suke cewa tana shanye hannu ko ƙafa, har cutar da take gurgunta yara ta samu sunan shan inna. Allurar rigakafi da ɗigon baki ne suka kawo ƙarshen nau'inta na daji a Afirka, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a watan Agustan 2020.

A ganina bambancin da ya fi girma yana wajen wanda ake nuna wa yatsa. Manomin Sabiya gawa yake zargi, kuma duk munin abin da ya yi mata, ba ta jin zafi. Mu da muke binne mamaci a ranar da ya rasu, a ƙasa mai zafi, kuma ba mu da al'adar komawa mu buɗe kabari, zarginmu a kan mai rai yake sauka, kuma sau da yawa tsohuwa ce marar gata ko baƙon da ba shi da dangi a gari. Ke da kike Gana kin san labarin Gambaga, inda matan da aka kora daga garuruwansu da sunan maita suke samun mafaka. A Najeriya ma an sha kashe mutane a kan sambatun mai zazzaɓi, alhali doka ta hana jifan mutum da maita.

Game da addini, fatawa ta malamai ce, amma nassin a bayyane yake. Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, ta nuna cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, akwai shamaki a bayansa har ranar tashi. Muslim ya ruwaito hadisin da ya kore gul, dodon da Larabawan jahiliyya suke cewa yana ɓatar da matafiya a sahara, ko da yake malamai sun yi bayani daban-daban a kan abin da korewar take nufi. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai.

TAMBAYA: Malam, na taɓa ji a rediyo an kashe mutane a Malawi saboda zargin shan jini. A wannan zamanin? Daga wani direba a Agadas.

AMSA: Haka ne, ɗan'uwa. A watannin Satumba da Oktoban 2017 jita-jita ta tashi a gundumomin Mulanje da Phalombe na kudancin ƙasar cewa wasu suna shiga gidaje da dare suna zuƙe jinin mutane. Matasa suka kafa shingaye a hanyoyi, aka kashe mutane da dama, tarzomar ta kai birnin Blantyre, Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga yankin, 'yan sanda suka kama fiye da mutum ɗari. An yi irin wannan a 2002, lokacin yunwa, sa'ad da aka yaɗa cewa gwamnati tana musayar jinin talakawa da abincin agaji.

Wannan nau'in ya bambanta da na kaburbura, domin wanda ake zargi a nan ma'aikaci ne mai mota da allura. Masaniyar tarihi Luise White ta tattara irin waɗannan labarai na zamanin mulkin mallaka a littafinta na shekarar 2000. A Kenya da Uganda da Tanganyika, wato ɓangaren Tanzaniya ta yau, an yi ta cewa 'yan kwana-kwana, masu jajayen motoci, suna kama mutane su zuƙe jininsu don Turawa, a Zambiya ta yau kuma ana kiran masu wannan aiki banyama. Mutanen da ake kwasa aikin tilas, ake ɗibar jininsu a asibiti ba tare da an yi musu bayani ba, ba su rasa dalilin zargi ba, ko da labarin kansa ba gaskiya ba ne. Zancen 'yan shan jini da muke ji a garuruwanmu, wanda yawanci ake jingina wa wanda ya yi kuɗi dare ɗaya, daga wannan dangin yake.

TAMBAYA: Ina kiwon shanu, kuma an ce mini jemage yana shan jinin dabbobi da dare. Gaskiya ne? Daga wani makiyayi a Ngaundere.

AMSA: Gaskiya ne, amma ba a nahiyarmu ba. Cikin nau'in jemagu fiye da 1,400 da aka sani, uku ne kawai suke rayuwa a kan jini, kuma dukansu a nahiyar Amurka suke, daga Meziko zuwa Ajantina. Ƙanana ne, sukan yanki fatar saniya ko doki da haƙoran gaba su lashi jinin, yawunsu yana hana shi daskarewa, kuma babbar ɓarnarsu ita ce yaɗa ciwon haukan kare a garke. Daga wancan yanki ne kuma labarin chupacabra, mai tsotsar awaki, ya fito a Puerto Rico a 1995, kuma gawawwakin da aka gabatar daga baya a Texas da sunansa an gano karnuka ne da karnukan daji da ƙazuwa ta cinye wa gashi.

Yawancin jemagun Afirka 'ya'yan itace da ƙwari suke ci, sai dai a guji taɓa su da hannu saboda cututtukan da suke iya ɗauka. Idan shanunka suna ramewa, Malam, ka duba kaska, da ƙudan tsando mai kawo sammore, da matsattsaku a mashaya, da tsutsar ciki, ka kira malamin dabbobi ya ɗebi jini ya auna. Idan kuma miki ne ya ƙi warkewa a bayan saniya, ka lura da carki, domin bayan kaskar da yake cirewa yana kuma tsattsagar mikin yana shan jinin, don haka a wanke wurin a sa magani a rufe shi.